Shekarar da Habu Ya Hau Ciyawa

Na daɗe ina ɗage rubuta wannan babi. Na rubuta ƙuruciyata a Damagaram, na rubuta zuwanmu hajji da yadda muka zauna a Jidda ba mu koma ba, amma duk sa'ad da na iso kan ƙanina Habu sai in ajiye alƙalami in ce gobe. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma ina tsoron faɗin magana a kan mutumin da ba ya nan balle ya ce ba haka aka yi ba. Har sai da na tambayi malamai biyu ko irin wannan rubutu yana shiga giba. Dukansu suka ce a'a, muddin wanke shi nake nufi. Duk da haka na ƙara shekara ban taɓa takarda ba.

Abin da ya tilasta mini shi ne ranar sunan ɗan Zainabu. Ku 'ya'yana kun tashi da ita ɗaki ɗaya, har wasu a unguwa ba su san 'yar Habu ce ba. Da safiyar sunan na aika a gaya mata ina so a sa wa yaron Abubakar, sunan mahaifinta. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji amsarta da kunnena, rabi da Hausa rabi da Larabci, yadda kuke yi.

"Ku ce wa Baba ya yi haƙuri. Mustahil. Ba zan sa wa ɗana sunan mutumin da ya bi kuɗin ƙwallo ya bar ni ba."

Aka raɗa wa yaro sunana, Isufu. Mutane suna yi mini barka, ni kuwa ban iya cin naman sunan ba. Don haka ke Zainabu nake rubuta wa wannan, sauran ku karanta a bayanta.

Sai na fara bayyana miki aikin, domin ba za ki gane mahaifinki ba in ba ki gane filin ba. Kudu da gari, bayan an wuce Madinar Masana'antu, wato unguwar masana'antu ta Jidda, akwai wani fili da Turawan kamfanoni suke wasan golf, wanda nake ji a rediyo ana ce masa ƙwallon lambu. Namu dai babu lambu, babu ko ganye ɗaya. Rairayi ne da tsakuwa. Kewayen kowane rami akwai da'ira ta yashi mai laushi da muke kwaɓawa da tsohon baƙin man inji don iska kada ta kwashe shi. Aikina shi ne jan wani bututun ƙarfe mai nauyi a kan da'irar, in shafe sawun ƙafa, in gyara wa ƙwallo hanya daga inda ta tsaya zuwa rami. Na ja ƙarfen nan har kafaɗata ta dama ta sauka ƙasa da ta hagu, kuma har yau in na ji warin gareji sai in ji kamar rana tana dukan ƙeyata. Kowane ɗan wasa kuma yana yawo da ɗan guntun ciyawar roba, kamar rabin dardumar salla. Inda ƙwallonsa ta faɗi a kan hanya sai ya ɗauke ta, ya shimfiɗa robar, ya ɗora ta a kai, ya buga. Haka dokar filin rairayi take. Koren abin nan da ke bakin ɗakin Innarku, wanda kuke ajiye takalma a gefensa, shi ne na Habu. Rabinsa ne, zan zo kan dalili.

Habu da ɗaukar jakar sanduna ya fara. Bahago ne, dogo, ga dariya kamar ba shi da damuwa a duniya, saɓanin ni. Wani injiniya da zai koma ƙasarsu ya bar masa sandunan hagu, tunda ba wanda zai saya. Ba a daɗe ba Habu ya fi masu filin. A lokacin akwai gasa da ke zagayawa tsakanin filayen rairayi idan zafi ya sauka: a yi a namu, a tafi Yanbu, a hau Ɗa'if, a gangara gabas. Ga yadda gasar take ciyar da kanta. Kamfanoni suna ba da kuɗi don a rataya sunansu a tutoci da alluna. Suna bayarwa ne saboda manyan ma'aikata da 'yan kasuwa suna zuwa kallo, su kuma suna zuwa ne saboda 'yan wasan da suka yi suna. Amma ɗan wasa ba ya da albashi. Shi zai biya kuɗin shiga, shi zai biya mota da masauki. Bayan kwana biyu na wasa sai a zaftare rabin mutane a ce su koma gida hannu wofi. Waɗanda suka rage ne ake raba wa lada, na sama ya kwashi mai yawa, na ƙasa ya sami abin da ko mota bai biya ba. Wata rana Habu ya shigo unguwarmu Nuzla da buhun shinkafa da atamfa, wata rana ya shigo ya wuce ɗaki ba sallama mai ƙarfi. Mahaifiyarki ta rasu kina rarrafe, saboda haka ke da shi kuna gidana, tukunya ɗaya.

Abin da ya hana ni sukuni shekara da shekaru shi ne kuɗin shigar nan. Kowa ya zuba, mutum ɗaya ya kwashe. Na ce a raina, da me wannan ya bambanta da caca? In Habu ya kawo shinkafa sai in ci ina lissafin ko halal ce. Na je wurin Malam Adamu, mutumin Abeshe da ke limanci a ƙaramin masallacinmu, ya ce in akwai kuɗin kamfani a cikin ladan to da sauƙi. Na koma na tambaye shi, in kuɗin kamfanin da na 'yan wasa sun gauraya fa? Na sake komawa karo na uku. Ya dube ni ya ce:

"Isufu, kai ko ruwan zamzam aka ba ka sai ka tambayi wanda ya wanke kofin. Je ka ci abincinka."

Na tafi, amma zuciyata ba ta kwanta ba.

'Yan shekaru bayan yaƙin Kuwait wasu masu kuɗi suka gina fili arewa da gari, a bakin teku, na ciyawa ta gaske, ana shayar da ita da ruwan da aka tace daga gishiri. Ba fili kawai suka gina ba, gasa suka kafa ta kansu, kuma suka sa ranakunta daidai da ranakun tsohuwar. Wakilinsu ya riƙa bin 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya zo da shi ba a taɓa jin irinsa ba: za a biya ka don ka zo kawai, ko ka ci ko ka faɗi. Ba kuɗin shiga, ba zaftarewa, mota da masauki nasu. Sharaɗi guda, ba za ka buga wa kowa ba sai su. Ga Habu kuma akwai ƙari, za su ɗauke iƙamarsa, wato takardar izinin zama, daga kulob ɗinmu su zama kafilinsa, masu tsaya masa a wurin hukuma.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Habu ya kawo maganar, muna cin abinci. Kina zaune a kan ciyawar robarsa, don ba kya yarda ki ci abinci a kan tabarma in tana nan. Innarku Rakiya, haihuwar Jidda, iyayenta Hausawan Sudan, ba ta taɓa barin Habu ya gama magana ba, wasan ƙanin miji ne tsakaninsu tun ranar da aka kawo ta.

"Yaya, sun ce albashi. Kowane wata, kamar ma'aikacin banki."

"Kai ɗin?" in ji Rakiya. "Ya salam! Wa zai biya ka don ka zo kawai? Ni nan kullum kana zuwa, ban ga abin da na ƙaru da shi ba sai wanke kwano."

"Ke ba ki san darajata ba, uwargida. Can sun sani."

"Sun san dai wani abu. Mutum ba ya ba ka kaza don kyan fuskarka, balle irin taka."

Ya yi dariya, sannan ya daina. Ya dube ki, ya dube ni.

"Yaya, na gaji. In na tsaya a kan rami na ƙarshe, ba ƙwallo nake tunani ba, takalmin yarinyar nan nake tunani. Shekara mai zuwa za ta shiga madarasa. Ina so in san abin da zan samu kafin wata ya kama. In ka ce kada in je, halas, ba zan je ba."

Wannan ita ce maganarsa, Zainabu, ban ƙara ba ban rage ba. Takalminki ya ambata.

Na ce ya ba ni lokaci. Na yi istihara, na yi ta juya abin ina jan ƙarfe. Abin da na gani shi ne: wannan aiki ne da lada sananne, babu zubi, babu mai kwashe na wani. Karo na farko shinkafar Habu za ta shiga bakina ba tare da tambaya ba. Malam Adamu ma ya ce ta fuskar shari'a wannan ya fi tsabta, ko da yake ya ƙara da cewa shi bai san harkar ƙwallo ba. Na sa wa Habu albarka. Har yau in aka kawo mini tambayar yadda aka kawo ta a lokacin, amsar da zan bayar ke nan. Na auna halal da haram iyakar sanina. Ba wanda ya gaya mana akwai wani abin aunawa.

Mudirin kulob ɗinmu, wato manaja, wani Bature tsoho mai jan wuya da ya ƙaunaci Habu, ya kira ni ofis. Da guntun Larabcinsa ya ce in gaya wa ɗan'uwana masu tsohuwar gasa sun haɗu sun yanke hukunci: duk wanda ya buga wa sababbin ko sau ɗaya, ba zai ƙara taka filin rairayi ba har abada. Ya ce ba ƙiyayya ba ce. In suka bar ƙofa a buɗe kowa zai je ya karɓi na can ya dawo, kamfanoni kuma za su bi masu suna su tafi. Sannan ya faɗi abin da ban fahimta ba sai daga baya.

"Ba wasansa suke saya ba, ya Yusuf. Rashinsa a nan suke saya."

Na kai wa Habu saƙon. Ya ce tsoho ne yake kishi. Ya riga ya sa hannu.

Watannin farko gidanmu ya ga sauyi. Ya saya miki takalma da jaka tun kafin a buɗe makaranta, ya sa wa ɗakin Rakiya mukayyif mai sanyaya ɗaki, ta ce yanzu ta yarda fuskarsa ta fara kyau. Amma na lura ya daina ba da labarin wasa. Da, in ya dawo, sai ya tashi tsaye ya nuna mana bugu da muciya. Yanzu sai ya ce alhamdu lillahi kawai. Rannan na nemi hutu na bi shi kallo. Ban taɓa ganin kore irin wannan ba tunda na bar gida, har na ji kunyar taka shi da takalmi. A nan na ga abin da ke faruwa. Habu duk rayuwarsa daga kan roba yake bugu, shimfiɗaɗɗiya, ƙwallo a zaune a sama kamar ƙwai a faranti. A ciyawa ta gaske ba a ɗaga ƙwallo. Inda ta faɗi nan za ka buge ta, ko ta nutse, ko tana kan gangare. Sandarsa sai ta ci ƙasa, ta tashi da ɓangaren ciyawa, ƙwallo ta yi ɗan tsalle ta tsaya. A kusa da rami kuma abin ya fi muni. Yashi mai mai yana riƙe ƙwallo, dole ka tura ta da ƙarfi, kuma tana tafiya miƙe a hanyar da na share. Ciyawar can santsi gare ta, tana da kwana da ido bai saba gani ba. Ya tura yadda hannunsa ya sani, ƙwallo ta wuce rami ta yi ta tafiya. Ya dawo da ita, ta sake wucewa. Na ji wasu 'yan kallo suna dariya a hankali. A rami na gaba na ga hannunsa ya tafi bayan jaka, inda ya saba rataye robar, ya lalubi wurin, babu komai. Ya mayar da hannun aljihu.

A mota muna dawowa, da muka shigo gari ya ce:

"Yaya, ashe ni ban iya golf ba. Rairayi na iya."

Na ce zai koya. Ya ce waɗanda aka kawo daga waje a kan ciyawa aka haife su, kuma ba a ba shi filin ya yi atisaye sai ranar wasa, don na masu biyan kuɗin mamba ne.

Mu kuma can kudu abin da mudir ya faɗa ya tabbata. Masu suna sun tafi, 'yan kallo suka bi su, tutocin kamfanoni suka ragu har aka koma rataye tsofaffi don kada sanduna su tsaya tsirara. Gasar Ɗa'if ta fara mutuwa, sai ta Yanbu. Da sababbin suka ga babu sauran wanda za su ƙwace wa kowa, sai suka daina biyan mutum don zuwa kawai. Suka dawo da kuɗin shiga da zaftarewa, irin tsarin da suka zo rushewa. Waɗanda ba sa cin komai a ciyawa aka sallame su. Kamfanin da ke riƙe da iƙamar Habu, wanda ashe don gasar kawai aka buɗe shi, aka rufe shi. Muka yi ta zirga-zirga a ofisoshin unguwar Bagadadiyya, kowa ya ce sai kafili ya sa hannu, kafili kuwa ƙofa ce da kwaɗo.

Akwai gasa ɗaya da ta rage a filinmu, ƙarama. Da safe ina jan ƙarfe a da'irar kusa da ƙofa sai na hango Habu tsaye a waje, jaka a kafaɗa, robarsa a rataye. Mudir ya fito da kansa. Na ajiye ƙarfen na matsa, na roƙe shi da duk Larabcin da na sani. Tsohon idonsa ya yi ja. Ya ce ba shi kaɗai ya yanke ba, kuma waɗanda suka ƙi kuɗin can suka zauna suna nan a cikin fili, me zai ce musu? Gaskiya ne, suna nan, suna kallonmu, ba wanda ya ɗaga hannu. Habu ya yi murmushi ya ce:

"Ma'alesh, ba komai, mudir. Yaya, koma bakin aikinka, ka bar sawu a da'ira."

Na koma. Da na waiwaya ya kai titi.

Bayan haka zama ya gagare shi. Ba takarda, ko kanti ba ya zuwa sai ya leƙa titi, kuma yana tsoron in aka kama shi a gidana abin ya shafe mu duka, har da ke. Ya ji an ce akwai sauran filayen rairayi a wasu wurare, can gabas da kuma hayin teku wajen Sudan, inda ba a san da hukuncin ba. Ranar da zai tafi, da hantsi, kin riƙe robar kin ƙi saki. Ya karɓi almakashin ɗinkin Rakiya ya raba ta biyu, ɓangare ɗaya ya fi girma.

"Ƙwallo ba ta bukatar wuri da yawa," in ji shi. "Ke zauna a kan babban."

Rakiya tana kuka tana faɗa. "Ka bi kuɗi ka ga inda suka kai ka! Yanzu kuma ka bar mini yarinya!"

"Ba zan ja ta cikin hamada ba takarda ba, uwargida. In na sami wuri zan aiko."

Kalmar nan ta Rakiya, "ya bi kuɗi," ita ce ta zauna a gidan, ita kika tashi kina ji. Cikin zafi ta faɗe ta. Na sha gyarawa, amma kun san muryata ba ta taɓa kai tata ba. Da na karanta mata wannan babi ta ce in rubuta cewa ita ce ta hana a jefar da robar duk lokacin da muka tashi daga gida zuwa gida, har ranar da ruwa ya shiga mana ɗaki robar ta fara ɗauka. Ga shi na rubuta.

Ya yi waya sau kaɗan ta shagon wani ɗan Maraɗi, yana tambayar ko kin fara karatu. Daga nan shiru. Filinmu ma an rufe shi, yanzu ɗakunan ajiyar kaya ne a wurin. Na wuce ta can bara, na kasa gane inda rami na farko yake. Wani ya ce ya ga Habu a Bur Sudan, wani ya ce a Bahrain yana ɗaukar wa mutane jaka. Na bi duka biyun da tambaya ban sami komai ba, kuma ƙafafuna sun gaji.

Saboda haka ina roƙon duk wanda wannan rubutu ya isa hannunsa, musamman mutanenmu na Sudan da na gabas, da waɗanda aka mayar gida Nijar ko Chadi ta hanyar tarhil, wato korar marasa takarda. Sunansa Abubakar, ana ce masa Habu Bahago, mutumin Damagaram, dogo, yanzu zai yi furfura. Wataƙila yana tare da ɗan guntun ciyawar roba mai yankan almakashi a gefe ɗaya, yankan bai miƙe ba. Wanda ya san inda yake, ko inda aka binne shi, ya tambayi Isufu mai jan ƙarfe a Nuzla, wajen ƙaramin masallacin 'yan Chadi, kowa zai nuna masa gidan. In yana raye a gaya masa yarinyar ta yi karatu, ta yi aure, ta haifi namiji. Kada a gaya masa sunan yaron. Wannan ni da Zainabu ne, kuma ina fata in Allah ya ba ta wani, za ta aiko a tambaye ni kuma.